Kafin Ka Miƙa Makullin Tirelarka

Ɗana, ka tara kuɗin wake da aya na shekaru, ka sayi kan tirela, Allah ya sanya albarka. Yanzu kana shirin shigar da ita ƙarƙashin wani kamfanin sufuri a Maraɗi, don su ke da lodi, kai kuwa mota kawai gare ka. Ban ga laifin wannan ba. Duk wanda ya tashi a Maijirgi ya ga tankokin mai daga matatar SORAZ ta Damagaram suna wucewa dare da rana zuwa Tasawa da Maraɗi, ya kuma san mai mota ɗaya ba ya samun babbar kwangila shi kaɗai, sai ya raɓu da manya. Amma zauna mu yi maganar takardu, don a nan ake cin mutane.

Fara da kartigiris, wato takardar mallakar mota. Sunan da ke jikinta shi jandarma ke karantawa, shi alƙali ke fara dubawa. Wani kamfanin zai ce a juya ta zuwa sunansa don aiki ya yi sauƙi, ya ƙara da cewa ai duk ɗaya ne, amana ce. Wataƙila Alhaji mai kamfanin mutumin kirki ne ƙwarai. To, in banki ya biyo shi bashi aka zo kama kadarorin kamfani, motarka na cikin lissafi. In kuma ta Allah ta kasance, magada ba su san alkawarin da kuka ƙulla a kan tabarma bayan la'asar ba. Za su ga mota da sunan ubansu, su sa ta cikin rabon gado, kuma ba zalunci suka yi niyya ba. Bar takardar da sunanka, ku rubuta yarjejeniyar haya. In dole ta sa a juya, a yi rubutu gaban notar mai nuna motar taka ce, da shaidu, ka ajiye kwafinka a gida, ba cikin mota ba. Kada kunya ta hana ka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa. Dokar inshorar da Nijar ke bi, wato ta CIMA da ta fara aiki a 1995, ta ce in an sayar da mota, tsohuwar inshorarta na tsayawa da kanta a ƙarshen rana ta biyar. Juya suna kuwa a takarda sayarwa ce. Sai mutum ya yi ta yawo da takardar da kwananta bai ƙare ba, alhali ba ta rufe komai.

Ita inshorar dole, wadda ake nuna wa jandarma, ka san iyakarta tun yanzu. Ka ɗauka motarka ta kife tsakanin Tasawa da Gazawa, taya ta fashe, buhunan wake sun tarwatse cikin yashi, direba ya karye a cinya, gaban mota ya lotse har sitiyari. In ta bi ta kan amalanken wani ko ta raunata mai babur, wannan za a biya, don inshorar domin wasu aka yi ta. Gyaran motarka ba ya ciki. Waken ba ya ciki. Direban da ke tuƙi ba ya ciki, haka karen motar da kake biya albashi in yana bakin aiki. Kowanne da tasa takarda dabam, direba da yaronsa kuwa rajistar asusun ma'aikata na CNSS ce gatansu ranar haɗari. Tambayi kamfani ƙarara: direban nan ma'aikacin wa ne, naka ko nasu? Ranar lafiya kowa zai ce namu ne.

Sau da yawa kamfani zai ce ya sa ka cikin inshorar motocinsa, yana cire kuɗin daga ladan kowace tafiya. Madalla, yakan fi sauƙi. Sai dai tun 2011 dokar CIMA ta hana inshorar bashi: in ba a biya kuɗin ba, ba ta fara aiki ba. Cirewa daga kuɗinka ba shi ke nuna an kai su ba. Karɓi takardar da ke ɗauke da lambar motarka, ka taka da ƙafarka zuwa ofishin kamfanin inshorar a Maraɗi, ko Leyma ce ko CAREN ko SUNU, a buɗe maka a tabbatar. Duba ko an rubuta kai da bodi duka, don kowanne da lambarsa, balle in bodin na kamfani ne. Duba kuma aikin da aka ce motar na yi. Wadda aka rubuta tana ɗaukar kayan mai ita ta fi arha, shi ya sa wasu ke faɗin haka alhali haya suke yi. Ranar da abu ya faru, wannan 'yar ƙaryar na iya rushe inshorar baki ɗaya.

Maganar kaya kuwa, dokar OHADA ta 2003 kan jigila ta hanyar mota ta ɗora alhakinsu a wuyan mai jigila daga lodi har saukewa, kuma diyya na iya kaiwa jika biyar a kowane kilo. Kilon wake bai kusa da haka ba, ma'ana kuɗin lodin gaba ɗaya za a nema. Kamfani zai biya ɗan kasuwa, ya juyo kanka yana cirewa wata bayan wata. Ku rubuta wa ke ɗaukar asarar kaya, wa ke biyan tara in an tsaya a ma'auni aka tarar lodi ya wuce ƙa'ida. Wanda ya ce a ƙara buhu ashirin shi ya kamata ya biya, amma ba a tuna haka sai in yana rubuce.

Ka kuma tambayi inda za a riƙa tura ta. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, manyan motoci da yawa sun koma ɗauko kaya daga Lome, su ratsa Burkina Faso ta Dori zuwa Tera cikin rakiyar soja. Lodin na da kuɗi, gaskiya ne. Amma inshora ba ta biyan ɓarnar yaƙi ko tarzoma sai an yi yarjejeniya ta musamman. Ni da za ka ji tawa, mai mota ɗaya tak bai kamata a tura shi can ba sai da yardarsa a rubuce, tafiya bayan tafiya. In kuwa Najeriya za a shiga ta Ɗan Isa da Jibiya, katin inshorar CEDEAO da aka kafa a 1982 shi aka saba nema. Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, sai ka tambayi mai inshorarka takardar da ake karɓa kafin mota ta tashi.

Ranar haɗari, Allah ya kiyaye, kada direba ya sasanta a bakin hanya ya wuce. A kira jandarma su rubuta, a sanar da kamfanin inshora cikin kwana biyar na aiki. In sata ce, awa 48. Kada ka zauna jiran kamfani ya kai rahoto, kai ma ka kai naka a rubuce, a buga maka hatimi a kwafi.

Sannan ku yi maganar rabuwa tun kuna dariya: sanarwar wata nawa za a bayar, yaushe za a biya ka sauran kuɗin tafiye-tafiye da ajiyar da suka riƙe, wa zai goge sunan kamfani daga ƙofar mota, kuma wace rana inshorarsu za ta daina rufe ka, don taka ta fara a ranar.