Miji Mai Sa Tufafin Mata A Ɓoye: Me Matarsa Za Ta Iya Yarda Da Shi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Mai rufin asirin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa musulmi, mas'alar da muka ɗauko a wannan fitowa tana cikin waɗanda ba a tambaya a gaban jama'a. Sai an watse daga karatu a biyo malami zaure. Wata baiwar Allah ce ta zo mana da ita tare da mijinta, bayan shekara 23 da aure da ƴaƴa shida. Mun nemi izininsu kafin mu rubuta, mun kuma sakaya duk abin da zai sa a gane su.

Wata rana ta dawo daga gidan suna da wuri, ta iske shi a ɗakinta ɗaure da zanenta, da kallabi a kansa. Da hankali ya kwanta ya gaya mata abin yana tare da shi tun ƙuruciya, ya sha tuba yana komawa, bai taɓa fita da shi waje ba, bai kuma taɓa kusantar alfasha ba. Sannan ya ce: "Hajiya, na gaji da ɓoyo. Ki yarda da ni haka, ki bar ni in riƙa yi a gabanki." Ita kuwa tambayarta gare mu ita ce: "Allah gafarta malam, in na yarda na saɓa wa Allah? In na ƙi na ci amanar zaman da muka yi?"

Mu fara da hukunci, domin babu duhu a cikinsa. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa Annabi (SAW) ya la'anci maza masu kamantuwa da mata da mata masu kamantuwa da maza. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) hani a kan tufa musamman. Saboda haka namiji ya sa tufar da aka sani ta mata ce haramun ne, a kasuwa ko a ƙuryar ɗaki. Abin da ke ware tufar maza da ta mata kuwa al'adar kowace ƙasa ce. A wajen Buzaye namiji ne ke rufe fuska da rawani, babu mai cewa ya yi kama da mace. Alhaji yana ɗaura gyauton harami, kwalli kuma sunna ne ga namiji. Amma zane da kallabi da awarwaro a ƙasar Hausa kowa ya san na wa ne.

Sai dai malamai ba su yi wa kowa kuɗin goro ba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan hijira, ya raba masu ɗabi'ar mata gida biyu: wanda aka halitta da taushin murya da tafiya, wannan ba shi da laifi a kan halittarsa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne abin zargi. Ibn Hajar, wanda ya rasu a 852, ya ƙara da cewa na farkon ma ana umurtarsa ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali. Ya kuma tabbata cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zuciya ta raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba. Ke nan kwaɗayin da wannan bawan Allah yake ji jarrabawa ce, yana da lada in ya yi yaƙi da ita. Miƙa hannu a ɗauki zane kuwa aiki ne, kuma a kan aiki ake hisabi.

To, mu dawo kan kalmar yarda. Mun lura abu biyu mijin ya haɗa a cikinta. Na ɗaya, yana son matarsa ta ce aikin ba komai ba ne. Wannan ba ya hannunta. Mace tana iya yafe sadakinta ko kwananta, domin haƙƙinta ne. Halattawa da haramtawa kuwa na Allah ne. Ko ta ce ta yarda sau dubu, hukuncin yana nan inda yake, sai dai ta ɗauki wani kaso na nauyin in ta ara masa zane ko ta ƙunsa masa lalle. Ba a yi wa miji biyayya a cikin saɓon Mahalicci. Na biyu, yana son ya ji cewa wadda ta ga abin da ya fi jin kunyarsa ba ta tofar da shi ba. Wannan yana hannunta, kuma a ganinmu shi ne ainihin abin da ya yi shekaru yana ƙishirwa.

A aya ta 187 ta Suratul Baƙara, Allah ya siffanta miji da mata da cewa kowannensu tufa ne ga ɗayan. Aikin tufa ta rufe al'aura, ta kare sanyi da rana, ta zauna manne da jiki. Matar da ta ga wannan rauni ta rufe shi, ba ta kai wa kishiya ko maƙwabta ba, ba ta mayar da shi makamin gori ranar faɗa ba, ta yi aikin tufa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya suturta musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Ya kuma ruwaito nasiha ga miji kada ya ƙi matarsa saboda hali ɗaya, domin zai samu wani halin da zai yarda da shi. Wannan ma'auni mace ma tana iya aunawa da shi. Mutumin da ya ciyar da gidansa shekara 23, ya kwana a likita ranar da ɗa ba lafiya, bai koma wani mutum dabam ba don an buɗe ƙofa ba zato.

Ga mijin muna cewa: ka ji tsoron Allah game da ita. Dare ɗaya ta san abin da ka yi shekara talatin kana ɗauke da shi, kada ka nemi ta haɗiye shi a mako guda. Kukanta da shirunta haƙƙinta ne. Kada ka sa yardarta ta zama sharaɗin zaman lafiya ko na cefane. Ka nemi ta taimake ka a kan bari, ka kuma samu malami amintacce ko likitan da ya san lamarin zuciya ka riƙa buɗe masa cikinka. Muna gargaɗin ku biyun game da masu cewa aljana ce ta aure shi, a kai shi gidan boka ko a buga masa garaya. Wanda ya bi wannan hanya ya gudu daga zunubi ya faɗa shirka, dukiya ta tafi, asiri ya tonu.

Ga matar muna cewa: wannan aiki bai fitar da shi daga Musulunci ba, bai kuma warware igiyar aure ba. In kin zauna kin yi haƙuri kina da lada. In kuwa ya dage, ya tilasta miki kallo ko taimako har zama ya koma cuta, shari'a ba ta ɗaure ki ba. Akwai sulhu ta hanyar wakili daga danginki da wakili daga danginsa, kamar yadda ya zo a aya ta 35 ta Suratun Nisa'i. Akwai hul'i, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya alƙali yana raba aure saboda cutarwa. Ko an kai ga haka, a faɗi gwargwadon buƙata ga wanda ya wajaba ya ji, a bar sauran don darajar ƴaƴa.

Mu kuma jama'ar masallaci muna da namu kaso. Muna sayen abinci wajen ƴan daudu a tasha, muna dariyar maganarsu a biki, amma in aka ce ɗaya yana son shiga sahu sai mu tsuke fuska. Abu Dawuda ya kawo labarin wani mai kamantuwa da mata da aka kai wa Annabi (SAW) ya ƙunsa lalle hannu da ƙafa. Ya sa a fitar da shi zuwa Naƙi'u, da aka nemi izinin kashe shi kuwa ya hana, saboda mutumin yana salla. An hukunta aikin, an kiyaye jinin mai salla. Suratul Hujurat ta hana mu izgili da binciken asirin juna. Wanda ya san ba'a ce ke jiransa ba zai taɓa zuwa neman magani ba.

Waɗannan bayin Allah suna nan tare. Mijin bai ce mana ya rabu da abin ba. Ya ce yana faɗuwa yana tashi, kuma tun da ya daina ɗaukar kayan shi kaɗai faɗuwar ta ragu. Matar ta ce har yanzu wata rana zuciyarta tana ƙuna. Muna roƙon ku sa su a addu'a ba tare da kun nemi sanin ko su wane ne ba.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya gyara tsakanin ma'aurata, ya karɓi tubanmu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.