Wa ya kira ki Jabo?

Ni Kirista ce, ina koyarwa a Jabo, ƙasar Tambuwal, inda kusan kowa Musulmi ne. Inna kan tambaye ni: "'Yar nan, Allah ne ya kira ki can, ko albashi?"

Tambayar tana da nauyi, domin zuciya ta iya kwaikwayon muryar Allah. Yaro Sama'ila ma, cikin Littafi Mai Tsarki, sau uku yana rugawa wurin Eli, a zatonsa tsohon ne ke kira, sai da Eli ya fahimtar da shi cewa Allah ne. Shi ya sa ban yarda mutum ya tantance kiransa shi kaɗai ba. A yi addu'a, a kuma nemi dattijon da ba ya ɓoye gaskiya.

Samun sauƙi kuwa ba shi ne hujjar kiran Allah ba. Michael Nnadi, ɗan Diyosis na Sakkwato mai karatun zama fada, an sace shi daga makarantar Good Shepherd ta Kaduna a Janairun 2020, aka kashe shi yana da shekara 18. Bakina ba zai iya cewa ya yi kuskuren hanya ba.

Ni abin da nake dubawa, ko aikin nan yana ƙara mini ƙaunar yaran ajina. Yana ƙarawa, har a ranakun da kewar gida ke sa ni hawaye.