Yaye Kafin Lokaci: Hakkin Kwikwiyo a Wuyanmu

Da wuya a zaga unguwa a Jega, Aliero ko Maiyama ba a ga gida mai kare ba. Wani yana gadin gida da dare, wani yana bin mai shi gona, wani kuwa na farauta ne. Idan karya ta haihu, kafin 'ya'yan su cika kwana 20 maƙwabta sun fara zuwa kamu, wannan yana son namijin, wancan yana son mai baƙin baki. Sau da yawa ba sa cika wata guda an rarraba su, an sa kowanne a kwali an tafi da shi. Tambayar da ke gabanmu ita ce: wa ke da ikon yanke ranar da za a raba ɗa da uwarsa? Mai karyar ne, ko mai saye, ko kuwa bukatar ɗan ita ce za ta yanke?

Bari mu fara da yadda Mahalicci ya tsara wannan dabba. Karya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63. Ana haihuwar kwikwiyo ido a rufe, kunne a toshe. Ba ya iya ɗumama jikinsa, ba ya ma iya fitsari ko kashi sai uwar ta lashe shi. Nonon farko, wato dakashi, shi ke ba shi kariya daga cututtuka a makonninsa na fari. Idonsa yakan buɗe tsakanin kwana 10 da 14. Wajen mako 3 haƙora suna fitowa, ya fara lasar abinci mai ruwa-ruwa. A nan ne muke ruɗuwa. Da mun ga ya lashi kunu sai mu ce ai ya isa yaye, alhali karya ba ta gama janye nono sai wajen mako 6 zuwa 8.

Ban da nono, akwai tarbiyya. Daga mako 3 zuwa gaba kwikwiyo yana kokawa da 'yan'uwansa. Idan ya yi cizo da ƙarfi, wanda aka ciza ya yi ƙara ya bar wasan, uwar ma ta yi masa gurnani. Ta haka yake koyon sassauta bakinsa, da sanin lokacin da ya kamata ya ja da baya. Wasu masana biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin karnuka, suka fitar da sakamakon a 1965. Sun nuna cewa tsakanin mako 3 da wajen mako 12 ne halin kare game da 'yan'uwansa da mutane yake kafuwa. A 2011 likitocin dabbobi a Italiya suka kwatanta karnukan da aka raba da uwayensu a kwana 30 zuwa 40 da waɗanda aka bari har kwana 60. Na farkon sun fi yawan tsoro, da haushi ba dalili, da ɓarna a gida. Tun 2018 kuwa dokar Ingila ta hana masu kiwon karnuka na kasuwanci sayar da kwikwiyon da bai cika mako 8 ba.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Manomin Aliero ya san albasar da aka tuge kafin ganyenta ya kwanta ba ta jimre ajiya. Masu ɗori na garin, waɗanda ake zuwa wurinsu daga nesa, ba sa kwance karaya don majinyaci ya gaji da kwanciya, sai ƙashi ya kama. Makiyayi yakan bar maraƙi ya fara tsotso kafin a yi tatsa. Iyayenmu mata ma ba sa yaye yaro don baƙo ya roƙa. A duk waɗannan mun yarda cewa abu mai rai yana da lokacinsa, kuma ba mu ne muka tsara shi ba. Me ya sa idan aka zo kan kare sai mu manta?

Amsar ba ta da daɗin ji. Muna mantawa ne domin kare ba shi da daraja a idon yawancinmu, kuma ba ya iya kai ƙara. Amma a Littafin Firistoci, sura 22, Shari'ar Musa ta umarta a bar ɗan saniya ko ɗan tunkiya kwana bakwai tare da uwarsa kafin a miƙa shi, ko da hadaya ce ga Ubangiji. Idan bagade ma ya jira uwa da ɗanta, kasuwa ba ta da hujjar gaggawa. Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya koyar da cewa halal ne mutum ya mori dabbobi, amma sa su wahala ba gaira ba dalili ya saɓa wa mutuncin mutum kansa. Ikon da aka ba mu a kan halitta riƙon amana ne.

Ba mu raina uzurin mai gida ba. Ciyar da karya mai shayarwa da 'ya'ya shida har mako 8 nauyi ne ga iyalin da hatsinsu ba ya kai su wata damina. Koyarwar Ikkilisiya ita ma ba ta yarda a kashe wa dabba abin da ya kamata ya rage talaucin mutum ba. Sai dai abin da ake nema a nan ba shi da tsada: kusurwa mai inuwa, ruwa mai tsabta, ragowar tuwo, da haƙurin mako huɗu a kan abin da muka saba. Wanda ya yi kamun kwikwiyo yana iya kawo ɗan dusa ko tsaki a matsayin gudummawa har lokaci ya cika. Akwai kuma lalura ta gaskiya, kamar uwa ta mutu, ko ta kamu da ciwo, ko ta ƙi 'ya'yan. A irin wannan hali a nemi shawarar ma'aikacin lafiyar dabbobi, a kuma bar 'ya'yan tare da juna. Lalura daban, son kuɗi da ƙosawa daban.

Mai saye yakan ce yana son ƙarami ne domin ya saba da shi. Kwikwiyo mai mako 8 yana da sauran makonni na sabo da mutane, zai san mai shi sarai. Wanda aka ɗauke da wuri shi ne yakan tashi matsoraci, kuma kare matsoraci ne ya fi saurin cizo. Waɗanda suka fi kusa da bakinsa kuwa 'ya'yanmu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaye da wuri ba shi ke kawo ciwon ba, amma kare mai cizo wanda ba a yi wa allura ba haɗari ne ga unguwa duka. Don haka kowane kwikwiyo ya sami allurar rigakafin haukan kare idan ya cika wata 3.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu ɗauki wannan ƙa'ida a gidajenmu: ba za mu bayar ba, ba za mu sayar ba, ba kuma za mu karɓi kwikwiyon da bai cika mako 8 ba, sai da lalura. Mu rubuta ranar haihuwarsu a kalanda don kada mu yi ta kintace. Yaranmu suna kallon yadda muke yi da abin da ya fi mu rauni, kuma daga nan suke koyon yadda za su yi da ƙannensu, da mu kanmu idan ƙarfinmu ya ƙare. Allah ya ba mu zuciyar tausayi. Amin.