Wanda Ya Sa Kofi Shi Ne Da Haƙƙin Tsawatarwa

Jama'ar Garwa, da 'yan'uwanmu na Marwa da Ngaundere da ƙauyukan da ke tsakani, akwai wata makaranta da 'ya'yanmu ke zuwa kullum da yamma ba tare da mun taɓa tambayar abin da ake karantar da su a cikinta ba. Filin ƙwallon unguwa nake nufi. Da an ba da dogon hutu, cikin Yuli da Agusta, sai gasar unguwa-unguwa ta kankama: Yelwa ta kara da Jambutu, Lainde ta jira Marware, kowane fegi da babu gini a kansa ya zama fili. Yaron da ba ya iya zama awa ɗaya a gaban malami zai yi awa uku a can bai gaji ba, kuma abin da ya gani manya na yi shi zai ɗauka a matsayin hali na maza. Idan an bar cin zali ya zama ruwan dare a wannan fili, to mu ne muke koyar da shi, ko da ba mu taɓa taka wurin ba.

Kowa ya san kamannin abin. Ƙaramin da ya shigo ƙungiya shi ne mai ɗebo ruwa da wanke takalman manya, wani lokaci har a ƙwace 'yan sefan da uwarsa ta ba shi, a kira wannan biyayya. Wanda bai da takalmin ƙwallo ya zama abin dariya. Mai i'ina ko mai gajeriyar ƙafa a laƙaba masa sunan da zai bi shi har kasuwa. Gola ya sha ƙwallo ɗaya, a taru a zagi uwarsa. Koci ya ga kuskure, maimakon ya nuna gyara sai ya kai mari, ko ya sa yaro tsallen kwaɗo a zafin Maris na Garwa, lokacin da rana ke haura digiri 40. Alƙalin wasa kuwa, wanda sau da yawa matashi ne da ya karɓi usur don taimako, yakan ajiye babur kusa da fili, don ya san idan ya hura fanareti a minti na ƙarshe sai ƙafa ta cece shi.

Wasu za su ce ƙwallo wasan maza ne, zagi da duka su ke gasa ɗan wasa, wanda bai jure ba dama can ba zai kai ko'ina ba. Wannan magana tana da daɗin faɗa ne saboda muna ƙirga waɗanda suka tsira, ba ma ƙirga waɗanda suka tafi. Yaron da ya daina zuwa fili ba ya yin sallama, kuma babu mai rubuta sunansa a ko'ina. Sannan duk wanda ya san ƙwallo ya san abin da tsoro ke yi wa ƙafa: yaron da ke fargabar mari ba ya neman a ba shi ƙwallo, in ta zo masa sai ya doka ta inda ta ga dama don ya rabu da ita. Ku dubi ƙwallon da Vincent Aboubakar, wanda ya taso a ƙungiyar Coton Sport ta Garwa, ya ci Masar a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Libreville a 2017: ya tare da ƙirji, ya ɗaga ta bisa kan mai tsaron baya, ya buga, alhali saura 'yan mintoci a tashi. Mai tsoron kuskure ba zai ko gwada wannan ba. Ita kanta Coton Sport, da aka kafa a 1986 har ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka da Al Ahly a 2008, ta yi ƙarfi ne da tara 'yan wasa daga arewa da kudu da ƙasashen maƙwabta irin su Nijar. Ƙungiyar da take wulaƙanta baƙo ba ta iya riƙe irin wannan taro. Horo mai tsanani yana da wurinsa, gudu da atisaye da zuwa a kan lokaci duk horo ne, amma ba wanda ya taɓa ƙara saurin ƙafa don an zagi mahaifiyarsa.

Uzuri na biyu ya fi wannan wayo: ai wasa ne, barkwanci ne, mu mutane ne masu wasa da juna. Gaskiya ne muna da wannan al'ada, kuma tana da kyau. Amma wasan taubasai, ko na Fulani da Barebari, ko na jika da kaka, yana da dokokinsa da kowa ya sani. Ana ramawa, ana yin sa tsakanin waɗanda al'ada ta ba izini, kuma a ƙarshe duka ɓangarorin biyu ne ke dariya. In mutum goma suna dariya ɗaya ya sunkuyar da kai, kuma ba shi da ikon ramawa don shi ne ƙarami ko baƙo, sunan abin cin fuska. Ya fi muni idan ya taɓa ƙabila da addini. Garwa gari ne na Fulɓe da Hausawa da Fali da Tupuri da Mundang da Giziga da Masa da mutanen kudu, Musulmi da Kirista, kuma filin ƙwallo na cikin wurare ƙalilan da 'ya'yansu ke sa riga iri ɗaya. A jefi yaro da "arne" ko "kaɗo" daga bakin fili, an rushe abin da rigar ta gina. Mu da muke jin zafi idan aka kira mu "Wajo" da raini a Yawunde ko Duwala, bai kamata mu buƙaci dogon bayani ba. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma tun Disamba 2019 dokar Kamaru ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyu, da tarar sefa dubu 300 zuwa miliyan 3, ga mai cin mutuncin wani saboda ƙabilarsa. Samuel Eto'o, wanda ya zama shugaban hukumar ƙwallon ƙasar a 2021, ya kusa ficewa daga fili a Zaragoza a 2006 saboda 'yan kallo na yi masa kukan biri. Duk mun tsaya masa a lokacin. Yaron Tupuri da ake yi wa ihu a filin bayan gidanmu ba shi da kyamarar talabijin da za ta nuna fuskarsa.

Mai ganin ƙaramin abu ne ya tuna da abin da ya faru a garinmu. Ranar 23 ga Janairu 2022, a filin Rumde Ajiya, Tunisiya ta fitar da Najeriya daga gasar kofin Afirka da ci ɗaya, ƙwallon Youssef Msakni daga nesa. Kafin gari ya waye golan Najeriya, Maduka Okoye, ya sha zagi da barazanar kisa a intanet har ya rufe wurin sharhi a shafinsa. Waɗanda suka yi masa haka ba a ranar suka koyi cewa gola in ya yi kuskure mutuncinsa ya halatta ba, tun suna yara suke gani. Albert Ebossé kuwa, wanda ya taɓa sa rigar Coton Sport kuma ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Aljeriya, ya rasa ransa a Tizi Ouzou ranar 23 ga Agusta 2014 yana ɗan shekara 24, bayan wasan da ƙungiyarsa JS Kabylie ta sha kashi da ci 2 da 1, alhali shi ya ci mata ɗayar. Hukumomin can sun ce jifa daga wajen 'yan kallo ne ya same shi, likitan da ya duba gawarsa a Kamaru ya ce alamun duka ne. Ko wanne ne, fushin rashin nasara ne ya ci shi.

To wa zai gyara? A nan ne mutane ke ɗaga kafaɗa su ce aikin hukuma ne, ko su ce arewa na da damuwar da ta fi wannan: talauci, garkuwa da mutane a Mayo-Rey, rikicin Boko Haram a Arewa Mai Nisa. Amma waɗannan damuwoyi ne suka sa ba mu da halin asarar wuri ɗaya da matasa ke haɗuwa lafiya. Hukumar ƙwallo kuma ba za ta taɓa aiko wakili kowane fegi ba. Mai iko na gaskiya a gasar unguwa shi ne wanda ya sa kofi: attajirin da ya sayi riguna, ɗan siyasar da aka rubuta sunansa a kyalle, lawan ko jauron da ya ba da fili. Alhaji, idan sunanka ne a kan gasar, zagin da aka yi a cikinta ma a ƙarƙashin sunanka aka yi shi, kuma zuwa ranar ƙarshe da babbar riga don miƙa kofi bai sauke maka wannan nauyi ba. Kafin a jefa ƙuri'ar rukuni, a tara kocina da kyaftin-kyaftin a karanta musu sharuɗɗa. Dokar ƙwallo ta 12 ta riga ta ce zagi jan kati ne, sai dai a yi aiki da ita. A ƙara da cewa ƙungiyar da magoya bayanta suka shiga fili ko suka yi jifa za a cire mata maki, wadda ta taɓa alƙali ta fita daga gasar, ko da ta ɗan mai kofin ce. Kyaftin kaɗai ya yi magana da alƙali, kamar yadda aka yi a gasar Turai ta 2024. A Ingila, tun 2019, ɗan wasan ƙananan gasa da ya yi wa alƙali rashin kunya yana zama waje minti goma, wannan kuwa ba ya buƙatar komai sai agogo. A ɗauko alƙali daga wata unguwa, a biya shi kafin wasa, a sa dattawa biyu su raka shi in an tashi. A kori masu caca daga bakin fili, don yawancin wutar daga aljihunsu take tashi.

Saura gida. Iyaye, idan yaron da ke kwana da ƙwallo a ƙarƙashin gado ya wayi gari yana cewa ya gaji da ita, ko ya dawo ba takalmi yana kame-kame, kada a ce masa ya zama namiji a wuce wurin. A zauna da shi, a je filin, a san kocin da sunansa da gidansu, kuma kada a yarda babba ɗaya ya riƙa keɓewa da yara ko tafiya da su wani gari ba tare da wani uba ya bi su ba. Limaman Juma'a da fastoci su ware huɗuba ɗaya a ƙarshen Yuni, kafin a fara gasa. Manyan da ke buga ƙwallon safiyar Lahadi, waɗanda ake kira 'yan biyu-da-babu, su ma su sani cewa yaran da ke tsinto musu ƙwallo a bayan raga suna jin duk abin da suke gaya wa alƙali.