Harshenmu Ya Koma Kan Yatsa



Manzo Yaƙub, a sura ta 3 ta wasiƙarsa, ya kwatanta harshe da ɗan ƙaramin tartsatsi wanda ke iya cinye babban kurmi. A zamaninmu wannan harshe ya koma kan yatsa, domin abin da muke rubutawa a Facebook da WhatsApp yakan kai inda ƙafarmu ba ta taɓa takawa ba. Magabata sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Tarihi ya isa ya zama mana wa'azi. A ƙasar Ruwanda, a 1994, wani gidan rediyo ya daɗe yana kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, kuma cikin kwana 100 aka hallaka mutane wajen 800,000. Mummunar kalma ta riga adda isa. A nan gida kuwa, lokacin rikicin Jihar Filato na Yunin 2018, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, alhali daga baya bincike ya nuna waɗansunsu tsofaffi ne, daga wata ƙasa dabam. Amma kafin gaskiya ta iso, fushi ya riga ya yi ɓarna.

Katekisim na Ikilisiya Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya bayyana zunubai uku a ƙarƙashin Doka ta Takwas: saurin yanke wa mutum hukunci ba tare da hujja ba, tona asirin laifinsa ba gaira ba dalili, da yi masa ƙage. Ya kuma koyar cewa wajibi ne wanda ya ɓata sunan wani ya gyara ɓarnar. Saboda haka wanda ya tura saƙon ƙarya yana da rabo cikin alhakin wanda ya ƙirƙira shi. Faɗin cewa "turo mini aka yi" ba zai wanke mu a gaban Allah ba.

To, me ya kamace mu? In labari ya tayar mana da hankali, mu dakata, mu binciki tushensa kafin mu tura. In mun saɓa da wani, mu amsa hujjarsa, kada mu zagi ƙabilarsa ko addininsa. In kuwa mun riga mun yaɗa ƙarya, mu koma zauren da muka sa ta, mu janye ta a fili, sa'an nan mu nemi gafara cikin Sakramentin Tuba.

A ranar 4 ga Fabrairu 2019, marigayi Fafaroma Francis da Sheikh Ahmad al-Tayyib na Al-Azhar sun sa hannu a kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dabi. In shugabanni sun iya zama tare, ashe ba za mu iya yi wa maƙwabcinmu Musulmi magana da ladabi ba?

Bari harshen da ke karɓar Jikin Kristi ranar Lahadi, da hannun da ke yin alamar Gicciye, su zama kayan aikin salama dukan mako. Amin.