Wa Ya San Ƙishin Wani?

Masu iya magana kan yi wa ruwa kirari da abokin aiki. Kwanan baya wasu ɗaliban kimiyya suka nuna mini zanen wata matatar ruwan sha da suka tsara domin ƙauyukan Dapchi, hedkwatar ƙaramar hukumar Bursari. An koya musu cewa mai ƙirƙira ya fara fahimtar mai buƙata kafin ya ɗauki alƙalami. Na tambaye su ko sun zauna da matan da za su ɗebi ruwan, suka ce sun aika da takardar tambayoyi. Wannan amsa ce ta haifar da tambayar wannan maƙala: shin mai ilimi yana da hurumin tsara wa mutane maganin ƙishin da bai taɓa ji ba?

Tarihin yankin ya isa darasi. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, domin noman rani da shayar da birnin Kano. Niyya ce mai kyau, lissafin injiniyoyi kuma ya yi. Sai dai ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da makiyayan da ke bakin kogin Komadugu Yobe suka biya farashin shawarar da ba da su aka yanke ba. A Gashuwa kuwa, an daɗe ana kukan yawaitar ciwon ƙoda, kuma ruwan sha na cikin abubuwan da masu bincike suke tuhuma. A irin wannan wuri, kuskuren mai zane rai yake ci.

Wani zai ce ilimi ba ya buƙatar izinin kowa, tunda idon mai ɗiban ruwa ba ya ganin ƙwayar cuta, sai madubin ɗakin gwaji. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba za a sallami masani ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mace ce ta san nisan rijiya, da kuɗin jarka wurin ɗan garuwa, da dalilin da ya sa burtsatsen da aka buɗe da biki ya zama matattarar awaki saboda rashin ƙarfe guda.

Dubi Mohammed Bah Abba, wanda ya kasance malami a Jigawa. Ya lura da yadda randa ke sanyaya ruwa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Maginan tukwane na ƙauye su suka riƙa gina ta, don haka in ta fashe akwai mai sakewa.

A ganina, hurumin masani yana nan, amma da sharaɗi: ya zauna a bakin rijiyar, ya sha ruwan, ya kuma bar abin da mutanen garin za su iya gyarawa bayan ya tafi. Ɗaliban sun yi alkawarin zuwa Dapchi a hutun rani. Na roƙe su kada su tafi da ruwan gora.