Mu Bar Masu Farfaɗiya Su San Juna

Ya ku jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, iyaye, malamai da masu unguwanni.

Akwai 'ya'yanmu da muka kulle a ɗaka ba su yi laifin komai ba. Saurayi ya faɗi a kasuwa, jiki na kakkafewa, kumfa na fita a baki, sai a dare a bar shi, wai kada yawunsa ya taɓa mutum. Daga ranar an ware masa kwano da moɗa. In budurwa ce, da maganar ta fita manema sun ɗauke ƙafa.

Wallahi wannan zalunci ne. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko numfashi, ko cin tuwo a kwano ɗaya. Lalura ce ta ƙwaƙwalwa, kuma mun san wasu daga cikin abubuwan da ke jawo ta: doguwar naƙuda, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, buguwar kai a hatsarin babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke fama da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. A hadisin Ibn Abbas, mace mai wannan lalura da kanta ta zo gaban Manzon Allah (SAW), ya saurare ta, ya yi mata addu'ar sutura. Mu kuwa namu ko sallar jam'i mun hana su.

Sai dai maganin ba ya son fashi, kuma tsayar da shi kwatsam hatsari ne. Nan tamu ta fi ta kowa wuya. 'Yan bindiga sun sa hanya ta zama abin tsoro, kuɗin mota ya hau, ga kwanan zaune cikin fargaba, alhali rashin barci kansa na tayar da ciwon. Yaro ɗaya a ƙauye, shi kaɗai da sirrinsa, da wuya ya jure. Su biyar ko shida kuwa, in sun san juna, sai su yi adashen kuɗin magani, su haɗa kuɗin mota zuwa asibitin Funtuwa ko Katsina ranar ganin likita, wannan ya buga wa wancan waya da daddare: "Ka sha naka?"

Akwai kuma zancen da ba a yi da uwa ko uba. Kunyar farfaɗowa ka tarar wandonka a jiƙe, mutane sun yi maka zobe. Yadda za a gaya wa wanda ke neman aure. Yadda za a yi da magani in azumi ya zo. Dalilin yin nesa da bakin rijiya da murhu da tuƙin babur. Wanda ya sha irin wannan ruwan shi ke faɗa a ji.

Don haka mai unguwa ya ba samari zaurensa sau ɗaya a wata, malamar Islamiyya ta tara 'yan matan, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya zauna da su. Liman ya faɗa a huɗuba cewa ba a ɗauka. Iyaye, don Allah ku bar su su fita.

In kuma wani ya faɗi a gabanka, kada ka gudu, kada ka danne shi, kada ka cusa masa cokali ko ruwa a baki. Janye shi daga wuta, sa masa tsumma ƙarƙashin kai, juya shi gefe guda, ka rufe masa jiki. In jijjigar ta wuce minti biyar, a nemi abin hawa zuwa asibiti.